Ina Aikatau Ya Ɓuya? Ku Matso, Masu Gardama

To, jama'a, tun ban buɗe baki ba na hango wasu sun fara laluben takalmansu. An ce yau nahawun Sifaniyanci za a taɓa, nan take fuskoki suka yamutse, har na jiyo wani daga can baya yana cewa ko na Hausar bai gama da shi ba, balle na mutanen Madrid. Ku koma ku zauna. Ba littafi na ɗauko ba. Jimla ɗaya ce tak, kalmominta 13, kuma abin da nake nema bai wuce a nuna mini ajin kowace kalma ba: wace ce suna, wace ce aikatau, wace ce 'yar rakiya. Ga ta:

En español, el verbo hablar siempre cambia su terminación cuando cambia la persona.

Abin da take cewa shi ne, a Sifaniyanci, aikatau ɗin nan hablar, wato yin magana, kullum yana sauya ƙarshensa idan mai yin aikin ya sauya. Jimla ce da ke zance a kan aikatau, kuma da gangan na ƙera ta haka, domin irinta ce ke kayar da masu gaggawa. To, ina aikatau a cikinta?

Na ga hannunka tun ɗazu, ƙanena ɗan boko. Ka ce ai ga shi nan ɓaro-ɓaro, verbo, tunda ya yi kama da kalmar da aka haddace maka a firamare. Sannu da ƙoƙari, amma tun a bakin ƙofa ka yi tuntuɓe. Verbo suna ne. Dubi wanda ke tsaye a gabansa, el, ɗan ƙaramin mafayyacin nan mai share wa suna hanya. Kana iya mayar da shi jam'i ka ce los verbos, kana iya liƙa masa sifa ka ce el verbo regular. Amma ka kira masa jiya, ka kira masa gobe, ko gezau ba zai yi ba. Mu ma kalmarmu ta "aikatau" ba ta taɓa aikata komai ba tun da malaman nahawu suka ƙirƙiro ta. Laƙabi ne aka raɗa wa su ci da sha da tafi.

Hajiya malamar makaranta ta yi murmushi, ita ba a yi mata wannan wayon. Ta ce hablar ne, domin duk ƙamusun da za a buɗe a rukunin aikatau za a same shi. Ranki ya daɗe, kin fi yaron nan kusa, amma ke ma ba ki isa ba. A ƙamus, gaskiya ne. A cikin wannan jimla kuwa ambatonsa kawai aka yi, ba a sa shi aiki ba. Wa ke maganar? Babu. Yaushe aka yi ta? Babu. Wannan siga ita ce suke kira infinitivo, wadda almajirin Larabci zai kwatanta da masdari, kuma a nan tana zaune ne kusa da verbo tana faɗin sunansa, kamar yadda za ki ce garin Kano ko watan Azumi.

Ga gwajin da ba ya ƙarya, kuma ba ya bukatar ƙamus. Ki mayar da zancen jiya, ki ga wa zai motsa: el verbo hablar cambió. Ki kai shi gobe: cambiará. Ki samo wa hablar aboki, su zama biyu: los verbos hablar y comer cambian. Ki ƙaryata maganar, ki ga a gaban wa no za ta tsaya: no cambia. Sau huɗu kin girgiza jimlar, hablar yana nan daram, cambia ne ke ta sauya kama. Shi ne aikatau, kuma sau biyu ya fito.

Yanzu mu leƙa abin da jimlar ke ba da labari a kai. Duk wani aikatau na wannan harshe yana ƙarewa da ɗayan uku: -ar irin hablar, -er irin comer, wato ci, ko -ir irin vivir, wato rayuwa. A cire wannan ƙarshen sai saiwa ta rage, habl-, sai a ɗaura mata wutsiyar da ta dace. Hablo, ina magana. Hablas, kana magana. Habla, yana magana. Hablamos, muna, habláis, kuna, hablan, suna. Wutsiyar ce ke ɗauke da mai aikin da lokacin aikin baki ɗaya, shi ya sa mutumin Sifaniya ba ya wahalar da kansa da wakilin suna. In ya ce hablo ya gama jimla. Ba zai ƙara yo ba sai in yana son ya buga ƙirji, irin yadda mu za mu ce "ni ne ke magana".

Na ji masu cewa wannan wahala ce, a ce kalma ɗaya ta rabu gida shida. Haba jama'a, ku ji tsoron Allah. Ku da kuke cewa na tafi, ka tafi, kin tafi, ya tafi, ta tafi, an tafi, mun tafi, kun tafi, sun tafi? Tara ke nan, kuma a shuɗaɗɗen lokaci kaɗai. Bambancin kawai shi ne, mu a gaba muke ɗora kayan, a kan ɗan zagin nan da ke gaban aikatau, mu bar tafi ya sha iska, su kuwa a ƙeya suke ɗaurawa. Mun ma fi su tsanani, domin mun raba ka da kin, mun raba ya da ta. Habla kuwa bai damu ba ko namiji ne ke maganar ko mace.

Allah gafarta Malam, na ga ka gyara zama. Na san abin da ke bakinka: magana kashi uku ce, isimi da fi'ili da harafi, haka Ajrumiyya ta raba ta, saura duk ƙaƙale ne na 'yan boko. Ba zan ja da kai ba, sai dai in tuna maka cewa duk cikin taron nan kai ne ba ka da uzurin cewa abin baƙo ne. Katabtu, katabta, katabti, katabna: ina mai aikin yake in ba a wutsiya ba? Sau nawa ka yi i'irabi ka ce fa'ili lamiri ne ɓoyayye? Yaran makaranta a Sifaniya abin da ake sa su nemowa ke nan a cikin jimla, suna kiransa sujeto tácito, wato aikau da ba a furta ba. Sannan Ibn Malik, mai Alfiyya da Lamiyyatul Af'al, wadda ita kanta a kan sarrafa fi'ili take, a ina aka haife shi? A Jayyan ta Andalus, garin da yau ake rubutawa Jaén a kudancin Sifaniya, kafin ya yi gabas ya rasu a Dimashƙa a 1274. Ɗan ƙasar nan da kake yamutsa wa fuska, karatunsa kake bayarwa a zaure. Don haka a yi haƙuri a saurara.

Sai kai mai rigar Real Madrid, wanda tun da aka fara yake latsa waya. Tambayarka ita ce ta kowa: me za a ci da wannan? Zan iya ce maka mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da harshen nan a bakinsu, mafi yawansu ma ba a Sifaniya suke ba, Meziko ce kan gaba. Zan iya ce maka shi ne harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, nan maƙwabta, inda birnin Malabo ke kan tsibiri daura da gaɓar Kamaru. Amma na san ba za su ratsa ka ba, don haka mu je gidan kallon ƙwallo.

Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya tafi Almería a 2020, ya koma Real Sociedad a 2022. Ka ce ka buɗe jaridar wasanni ta can ka ga an rubuta Sadiq marcó. Ma'ana, Sadiq ya ci ƙwallo. Yanzu ka goge ɗan karan da ke bisa wasalin ƙarshe. Marco, ina ci, ni da kaina, yanzu. Ka sa masa el a gaba, el marco, ya tashi daga aikatau ya koma suna, katakon da ke kewaye da ƙofa ko hoto, har masu sharhin ƙwallo na Latin Amurka kan kira turakun raga da shi. Haruffa biyar ne ba su sauya ba, amma mai aiki ya sauya, lokaci ya sauya, aji ya sauya. A baki, nauyin murya ne ke raba su: a marco gaɓar farko ake dannawa, a marcó ta ƙarshe. A rubuce kuwa ɗan karan nan ne kaɗai shaida, tilde suke ce masa. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Kuma ba marco kaɗai ba ne. El pase shi ne ƙwallon da aka miƙa wa abokin wasa, pasé kuwa na miƙa. El empate kunnen doki ne, empaté na yi kunnen doki. El juego wasa ne, juego shi kaɗai ina wasa, kuma a wannan ko karan babu, maƙwabci ne kawai zai gaya maka ko suna ne ko aikatau. Hatta vamos ɗin nan da kake ta kwarara wa in an ci ƙwallo, asalinsa aikatau ne, "muna tafiya" ko "mu je", amma a bakinka ya zama kalmar motsin rai zalla, ba inda za ka je.

A nan ne nake jiran mai cewa, ka gani ko, harshen ruɗani ne, kalma ɗaya fuska uku. To, ɗan'uwa, fassara mini wannan: Kai! Kai ne ka kai kai kasuwa? Na farko motsin rai, na biyu wakilin suna, na uku aikatau, na huɗu kan rago ne ko na sa. Ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba wajen karantawa, alhali mu ko kara ba ma ɗorawa a rubutun yau da kullum, karin sauti da tsawon wasali duk a ka muke riƙe su. Ita kanta kalmar "suna" da nake ta maimaitawa, a "suna magana" ai ba sunan kowa ba ce. Abin da ya fisshe ka shi ne duba na gaba da na baya. Su ma haka suke yi, har sun fi mu tausayin mai karatu. El mafayyaci ne, él kuwa "shi". Tu naka, tú kai. Si idan, sí na'am. Como ina ci ko kuma "kamar", cómo yaya. Tambaya ma tun daga farkonta suke kafa mata alama a kife, don kada ka kai tsakiya kafin ka gane tambayarka ake yi.

Mu koma jimlarmu, domin akwai tarkon da ba wanda ya lura da shi. Cambia su terminación. Cambia la persona. Duka biyu aikatau ne sai suna a bayansa. Mai gaggawa zai ce ai duka karɓau ne, abin da aikin ya faɗa wa. A sake girgizawa. Mayar da na farko jam'i: cambia sus terminaciones, aikatau bai motsa ba, ashe karɓau ne, verbo ne ke sauya shi. Mayar da na biyu jam'i: cuando cambian las personas, sai ga n ta tsiro a wutsiya. Aikatau ba ya bin kowa sai mai aikinsa, don haka la persona aikau ce, ita ce ke sauyawa, ta dai zauna a baya ne kawai. Sifaniyanci ya yarda da wannan zama ƙwarai, musamman a irin wannan ɓangaren jimla. Mai taurin kai zai iya dagewa cewa verbo ne ke sauya persona ɗin ma, kuma nahawu ba zai kama shi da laifi ba, sai dai ba haka mai harshen zai fara ji ba. Wurin zama dai ba ya yanke hukunci a nan. A Hausa mun saba aikau a gaba, karɓau a baya, wannan sabon ne ya kamata a ajiye a ƙofa.

Ƙananan ba sa bukatar dogon zance. En harafi ne, "a" ko "cikin". Español a nan suna ne, sunan harshe, amma a el fútbol español sifa ne, kuma ko a ina da ƙaramin baƙi suke rubuta shi. Su na mallaka ne, malalaci kuma, shi ne nasa, shi ne nata, shi ne nasu. Terminación suna ce mace, kamar sauran masu ƙarewa da -ción, irin su nación da canción. La a gaban suna mafayyaciya ce, amma a gaban aikatau, kamar la cambia, ta zama wakilin suna, "yana sauya ta". Wani lokaci ma wakilan sunan kan manne a jikin aikatau: dámelo a ido kalma ɗaya ce, a nahawu uku ce, da, me, lo, daidai da "ba ni shi".

Cuando kuwa, wato "lokacin da", a kanta malaman su kansu suka rabu. Littattafan makaranta da yawa sun daɗe suna sa ta cikin mahaɗai, tunda tana ƙulla ɓangare da ɓangare. Babban nahawun da Real Academia Española ta fitar a 2009 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe ya lissafa ta cikin bayanau masu dangantawa. Na ga Malam yana dariya, wai ashe su ma ba su daidaita ba. Ba su taɓa daidaitawa ba, Allah gafarta. Antonio de Nebrija, wanda ya buga nahawun farko na wannan harshe a Salamanca a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, azuzuwa goma ya ƙirga. Ita hukumar Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, da ta fitar da nata nahawun a 1771 tara ta ƙirga, kuma a lokacin sifa ba ta da ɗakin kanta, a cikin suna aka cusa ta, daidai yadda isimi ya haɗiye ta a wajenku. Yau yawancin littattafai tara suke kawowa, amma ba taran jiya ba. A ganina wanda ya iya bayyana aikin da cuando ke yi a jimlar ya ci, ko da wane laƙabi ya kira ta. Sai dai in jarrabawa zai zauna, to ya bi littafin malaminsa, kada ya ce ni na aike shi.

Saura kalma ɗaya, siempre, "kullum". Bayanau ce, ba jinsi, ba jam'i, ba wutsiya. Ajinta ba gardama. Gaskiyarta ce ke da gardama, kuma na yi mamaki da duk masu musun nan ba wanda ya kama ta. Wai kullum ƙarshe yana sauyawa idan mai aiki ya sauya? Hablaba fa? Ita ce "na kasance ina magana", ita ce kuma "ya kasance yana magana". Hable fa, sigar fata da buri, wadda ke biyo bayan ojalá, kalmar nan da suka gada daga Larabcin Andalus mai ma'ana kusa da "in Allah ya so"? Ojalá hable na iya zama Allah sa in yi magana, na iya zama Allah sa ya yi magana. A irin waɗannan wurare dole a dawo da yo ko él in zancen bai fayyace ba. Akwai kuma akasin haka, inda lokaci ke sauyawa wutsiya ta ƙi: hablamos muna magana ne, mun yi magana ne kuma, sai an ji hoy ko ayer, yau ko jiya, a kusa. Kun tsaya faɗa da ni a kan amfanin darasi, ƙarya ta wuce ta gabanku da rana tsaka.

Kada kuma wani ya tafi da tunanin cewa saiwa ita ba ta motsi. A hablar ba ta motsi, shi ya sa malamai ke son sa. Jugar kuwa yana ba da juego amma jugamos, poder yana ba da puedo amma podemos, domin wasalin saiwa kan tsage biyu idan nauyin murya ya sauka a kansa. Uban 'yan tawaye shi ne ir, tafiya: voy ina tafiya, iba na kasance ina tafiya, fui na tafi. Ba kama ko ta anini, saboda gutsattsarin aikatau uku ne na Latin aka haɗa wuri guda. Ɗayansu ma aro ne daga ser, zama, shi ya sa fue ke nufin ya tafi, yake kuma nufin ya kasance. Fue a Madrid, ya tafi Madrid. Fue portero, ya taɓa zama mai tsaron gida. Ɗan a ɗin nan ne kaɗai ya raba matafiyi da gola.

Hajiya ta tambaya, idan za a girmama babba fa? Sai a ce usted, wanda ya samo asali daga vuestra merced, wata tsohuwar gaisuwar ban girma. Mutumin yana gabanka, da shi kake magana, amma aikatau sai ya ɗauki wutsiyar wanda ba ya nan: usted habla. Mu jam'i muke ba babba, mu ce kun zo lafiya, su kuwa kauce wa idonsa suke yi. Habláis ɗin da na lissafa ɗazu ma in kika tsallaka Latin Amurka ba za ki ji shi a bakin mutane ba, ustedes hablan suke cewa, a Ajantina kuma aboki vos hablás ake ce masa.

To, tunda kowa ya ce ya gane, ga aikin gida, kuma ba a yarda da leƙen waya ba:

Camino por el camino que caminó él, y río junto al río.

Zan taimaka da abu biyu kawai: caminar tafiya ce a ƙasa, reír dariya ce, kuma akwai hanya da kogi a ciki. A ƙirgo mini aikatau, a ƙirgo suna, a faɗi wanda ke yin kowane aiki. Wanda ya kawo aikatau biyar, shi zai sayi shayin kowa. Mai rigar Madrid, tunda kai ka fara cewa ba amfani, da kai za a fara.